Ƙaramar motar zango: wacce zaka ɗauka in kana son ka riƙa kwana a hanya?

Duk wanda ya tambaye ni wace motar zango zai saya zaka ga kafin ma na buɗe baki ya nuna min hoton kicin ɗin wata mota, ga murhu mai kai biyu, ga ɗan sinki yana ƙyalli, ga fitilu an jera a ƙarƙashin kabad kamar ɗakin amarya, ni kuma kullum amsata ɗaya ce, bar maganar kicin tukuna, nuna min gadon. Girki dai in ya yi yawa minti arba'in ne a yini, kuma in gari yana da kyau ma a waje zaka yi shi, amma kwana awa bakwai ne ko takwas, kullum, kuma in baka yi barci ba wallahi duk kyawun wurin da ka je ba zaka gan shi ba.

Motar zango da nake nufi ita ce ƙaramar bas ɗin nan da aka gyara cikinta aka sa gado da ɗan wurin girki da wurin ajiye kaya, ba irin manyan nan masu kama da gida a kan taya ba. Kuma ko a cikin ƙananan ba ɗaya suke ba, akwai 'yan mitsi-mitsi irin su Caddy da Berlingo, akwai na tsakiya masu rufin da ake ɗagawa irin su California da Marco Polo da Nugget, sai kuma masu dogon rufi irin waɗanda ake ginawa a jikin Ducato waɗanda gaskiya da ƙyar ma ake kiransu ƙanana.

Bari na fara da 'yan ƙananan tunda su mutane suka fi rainawa. Citroën Berlingo tsawonta mita 4.4 ne, doguwar kuma 4.75, kuma ita da Peugeot Rifter da Opel Combo da Toyota Proace City kusan mota ɗaya ce aka canza mata fuska da tambari. Volkswagen Caddy mita 4.5, Maxi ɗinta 4.85, kuma a 2020 kamfanin ya fito da Caddy California wadda take zuwa da gado mai naɗewa, tsawo kusan mita 2 faɗi santimita 107, da ɗan murhu mai kai ɗaya da ake jawowa kamar dirowa ta ƙofar baya. Ita wannan ƙofar bayan in ka ɗaga ta ita ce rumfarka, a ƙarƙashinta zaka tsaya ka yi girki. Sauran kuma galibi akwati ake saya a ɗora a but, a cikinsa akwai murhu da jarkar ruwa da katifa mai ninki, ranar Juma'a ka ɗora ranar Lahadi ka sauke, Litinin mota ta koma motar zuwa aiki kamar ba a yi ba. Toh wannan shi ne babban abin da suke da shi, ba sa cin mai sosai, duk inda ƙaramar mota zata shiga zasu shiga, fakin ba wahala, kuma ba zaka ajiye mota ta biyu tana zaune a ƙofar gida wata goma sha ɗaya tana jiran hutu ba.

Amma ba a tsayuwa a ciki. Wannan magana a rubuce kamar ba komai ba ce, sai ka gwada. Na taɓa kwana uku a irin wannan ƙaramar da na yi haya, dare na biyu aka tsuge da ruwa tun magariba, ni da abokin tafiyata muna ciki, kuma kafin a shimfiɗa gado dole sai an fitar da jakunkuna daga baya an maida su kujerun gaba, ga shi ba ta cikin mota zaka bi ba sai ka fita ka zagaya, na fita sau huɗu na dawo jagab, sannan ga takalma masu taɓo ba inda za a sa su, ga rigar ruwa tana ɗiga a kan katifa, in zaka sa wando sai ka kwanta rigingine ka ɗaga ƙafa. Da safe na kai hannu na shafa ƙarfen da ke saman taga sai ga ruwa ya biyo yatsana har gwiwar hannu, numfashinmu ne na dare ya taru a jikin ƙarfe mai sanyi saboda mun rufe ko'ina ruf. Tun daga ranar na daina auna mota da ranar da gari yake garau, da ranar ruwa nake auna ta. Ƙaramar mota ta mutum ɗaya ce, ko mata da miji masu haƙuri da juna waɗanda tafiyarsu ta kwana biyu ce zuwa uku kuma a lokacin da ba ruwa ba sanyi, in haka kake toh kar ka bari kowa ya ruɗe ka da babba, ita ce daidai da kai. In kuma akwai yara, gaskiya sai dai ka haɗa da tanti.

A Japan akwai waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta ma, irin su Suzuki Every da Daihatsu Hijet da Honda N-Van, doka ta ƙayyade musu tsawo kar ya wuce mita 3.4, faɗi 1.48, inji kuma cc 660, kuma mutane suna kwana a ciki lafiya lau dan an san yanda ake cin moriyar kowane lungu da saƙo, sai dai a babbar hanya mai gudu da kaya a ciki injin zai gaya maka girmansa.

Yanzu na tsakiya, kuma anan zan daɗe dan anan mafi yawan masu tambaya suke ƙarewa. Asalin wannan tsari daga Jamus yake, kamfanin Westfalia ne ya fara sa akwatin kayan zango a bas ɗin Volkswagen a 1951, sunan California kuma ya fito a 1988, daga baya Volkswagen suka karɓi ginin da kansu. Dabarar duka a rufin take. In kana tafiya rufin a kwance yake, mota bata kai mita 2 a tsaye ba, in ka isa masauki ka ɗaga shi sai ya buɗe kamar bakin kada, gefe da gefe yadin tanti ne mai tagogin raga, ka samu wurin tsayuwa, ka kuma samu gado na biyu a sama. Kuma wannan mita 2 ɗin ba ƙaramin abu ba ne, dan yawancin gidajen fakin masu hawa da na ƙarƙashin ƙasa da sandunan da ake gindayawa a bakin wuraren shaƙatawa a nan wajen suke tsayawa, wasu ma 1.9, jiragen fito kuma da yawa da tsawo da tsayi suke yanke kuɗi. Kaga kenan santimita biyar zata iya raba ka da wurin da kake son shiga. Shiyasa nake cewa ka auna motar da kanka da tef, dan in an ɗora mata faifan sola ko ƙarfen ɗaukar kaya ko rumfar gefe, lambar da ke takarda ta tashi aiki.

California wadda aka gina a kan bas ɗin Volkswagen samfurin T6.1 tsawonta mita 4.9, kuma kala-kala ce. Ocean ita ce mai komai, kicin a jere a gefe ɗaya tun daga bayan kujerar gaba har baya, murhun gas mai kai biyu, firij lita 42, tankin ruwa lita 30, kabad na kaya, rufi kuma da maɓalli yake tashi. Coast kusan haka take sai dai an rage ƙawa. Beach kuma ba ta da wannan dogon kicin ɗin, wata ma ba kicin sam, wata ɗan murhu ne mai kai ɗaya da yake ɓuya a bango. Toh ga inda maganar gado ta shigo, kicin ɗin Ocean a faɗin mota yake zaune, dan haka gadon ƙasa wajen santimita 114 ne kawai, na Beach mai benci uku kuma ya kai 150. Ka ɗauki tef ka auna 114 a kan gadonka na gida ka kwanta kai da wanda zaku yi tafiya, zaka gane abin da nake faɗa, in ɗaya ya juya dole ɗayan ya sani. Gadon sama kuma mita 1.2 ne da 2, kuma mutane da yawa sun fi son sa saboda iska da kuma ba sai an kwashe komai ba, ka ja shi ƙasa ka hau kawai. Ni dai in mu biyu ne kuma zamu riƙa kwana a sama, Ocean ba laifi, amma in mu huɗu ne kuma manya biyu zasu kwana a ƙasa, Beach zan ɗauka na sayi ƙaramin firij na hannu da murhu na daban, na fi son na yi girki a waje da na kwana a takure. Sabuwar California da ta fito a 2024 a jikin Volkswagen Multivan aka gina ta, ta ƙara tsawo zuwa wajen mita 5.17, tana da ƙofar gefe biyu maimakon ɗaya, kujerun baya ɗai-ɗai ne ba benci ba, akwai kuma mai haɗa fetur da batirin da ake caji. A tuƙi ta fi kama da ƙaramar mota, amma dan a samu ƙofa ta biyu an gajarta kicin, dan haka wanda ya saba da kabad ɗin tsohuwar zai ji bambanci.

Mercedes Marco Polo kusan tsarin Ocean ne sak, kicin a gefe, benci mai komawa gado, rufi mai ɗagawa, a jikin V-Class, tsawo mita 5.14, kuma tayoyin baya ne suke ja sai dai in ka ɗauki mai jan huɗu. Inda ta yi fice shi ne kan titi, shiru, laushi, in tafiyarka ta kilomita ɗari bakwai ce a yini zaka sauka baka gaji sosai ba. Gadon ƙasanta shi ma bai wuce faɗin na Ocean ba. Abin da yake sa ni ɗari-ɗari da ita shi ne cikin ya yi kyau da yawa, kuma zango harka ce ta yashi da taɓo da jiƙaƙƙen tawul da yaro mai hawa kujera da takalmi, in kai mai jin zafin ƙarzanewar kaya ne zaka ƙare kana gadin mota maimakon ka huta.

Ford Nugget ita ce ta bi wata hanya daban, kuma ni tsarinta yana burge ni ƙwarai. Tun 1986 ake yin ta, yanzu a jikin Transit Custom, Westfalia ne suke gina cikin. Maimakon kicin a gefe sai aka kai shi can baya aka lanƙwasa shi, rufin ma ta baya yake tashi sama dan mai girki ya tsaya sosai, tsakiya kuma benci mai cin mutum uku da tebur, kujerun gaba su juyo su fuskance shi. Amfanin wannan sai da asuba zaka gane, a California in an shimfiɗa gadon ƙasa ya tare gaban kabad ya cinye filin tsayuwa, wanda ya riga tashi sai ya lallaɓa ko ya jira, a Nugget kuwa mutum zai iya sauka ya tsaya a kicin ya ɗora ruwan zafi sauran suna barci ba wanda ya taka. Ga mai yara wannan babban abu ne. Amma ba a samun komai kyauta, tunda kicin ya zauna a baya toh but ya tafi, kujerun zama na waje da keke da manyan jakunkuna sai ka yi dabara, kuma ba zaka iya zura dogon kaya tun daga baya har gaba ba ranar da kake son motar ta yi maka aikin ɗaukar kaya. Doguwar Nugget ɗin akwai wadda ake sa wa ɗan masai a baya, wanda a wannan girman ba kasafai ake samu ba.

Aibin rufi mai ɗagawa kuma dole a faɗe shi, yadi ne, ba bango ba. Sanyi yana shiga, ƙarar waje tana shiga, in iska ta taso da dare zaka ji yadin yana bugawa fat fat har sai ka sauko ka juya motar ta ba iska ƙeya ko ka sauke rufin gaba ɗaya. In ka naɗe shi a jiƙe ka manta baka buɗe ya sha iska ba, sati biyu ya isa ya yi baƙin tabo da warin ruma. Kuma duk wanda ya ga rufi a ɗage ya san da mutum a ciki, ba maganar ka raɓa gefen titi ka kwana ba wanda ya lura.

Akwai kuma motocin Japan na hannu da mutane suke gyarawa, kuma bai kamata a tsallake su ba dan ba kowa ne zai iya sabuwa ba. Mazda Bongo Friendee tun 1995 ta zo da rufinta mai ɗagawa daga kamfani, ƙarama ce mai daɗin sha'ani, amma yanzu duk sun tsufa, sai ka duba tsatsa a bakin tayoyin baya da ƙarƙashi, ka kuma duba hanyoyin ruwan sanyaya inji dan injin a ƙarƙashin kujerun gaba yake kuma in ya yi zafi gyaran ba wasa ba ne. Mitsubishi Delica ta masu shiga hanyar da ba kwalta ce. Toyota Alphard da Nissan Elgrand daɗin zama kamar falo, amma suna shan fetur kuma rufinsu ba tsayi. Toyota Hiace kuwa, ba ta da ƙawa, amma murabba'i ce ciki kamar akwati, ga juriya, ga makanikai da kayan gyaranta a ƙasashe da yawa, kuma in tafiyarka mai nisa ce zuwa inda ba dila ba komai, wannan ya fi duk wani maɓallin ɗaga rufi daraja. Sai dai ka tuna motar da aka yi wa kasuwar Japan sitiyarinta a dama yake, ka duba ko dokar inda kake ta yarda, ka kuma lura ta wane gefe ƙofar take buɗewa, kar yara su riƙa sauka ta tsakiyar titi.

Masu dogon rufi ba zan ja magana a kansu ba. Fiat Ducato da 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, wadda a Amurka ake sayarwa da sunan Ram ProMaster, tana zuwa da tsawon mita 5.41 ko 5.99 ko 6.36, faɗinta 2.05, kuma wannan faɗin ne yasa masu gini suke son ta, dan ana iya gicciya gado a baya ya zauna dindindin, ƙarƙashinsa ya zama sito, a samu wurin banɗaki da shawa, ka tsaya ƙyam ba tare da ka ɗaga komai ba, bango kuma mai rufin hana sanyi. In zaka yi sati uku ko wata a hanya, ko kana da larurar da dole sai da banɗaki a kusa cikin dare, ko kana fita lokacin sanyi mai tsanani, kar ka wahalar da kanka, ita ce. Amma tsayinta ya haura mita 2.5, ta yi sallama da gidan fakin, kuma ba motar da zaka ɗauka ka je sayen abu ɗaya a cikin gari ba ce. Na ga mutane sun saye ta da zumuɗi, shekara ta zagayo sun fita da ita sau biyu, saboda fitar da ita kanta aiki ne.

Toh bayan girma, akwai abubuwan da ba sa fitowa a hoto kuma su ne suke raba mota mai daɗi da mai wahala. Na farko nauyi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, yana rubuce a ɗan faranti a jikin ƙofa ko wajen inji, kuma duk katako da tanki da batir da rufin da aka ƙara daga cikin wannan iyakar aka ci. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, manya huɗu sun kusa kilo 300, ƙara kekuna da tanti da tukunyar gas da kayan abinci, kafin ka ankara ka wuce, birki ya ƙara nisa, taya ta ɗau zafi, inshora kuma ta samu hanyar zamewa in wani abu ya faru. A Turai lasin ƙaramar mota kilo 3,500 ne iyakarsa, ƙanana da na tsakiya duk suna ƙasa da haka, amma manyan in an cika su suna taɓa layin. In da hali ka hau da ita sikelin manyan motoci kafin ka biya.

Sai wuta. Batirin zaman ciki daban yake da na tada inji, kuma shi ne yake riƙe firij da fitila da famfo da cajin waya. In irin batirin darma ne da ake kira AGM mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake riƙewa), rabi kawai zaka ci in kana son ya yi ƙarko, wato 50, firij mai kwamfuresa kuma yakan sha tsakanin 20 zuwa 40 a yini gwargwadon zafin gari da yawan buɗewa, kaga kwana biyu a tsaye wuri ɗaya ka kusa ƙarewa. Lithium irin LiFePO4 zaka iya cin 80 zuwa 90 daga cikin ɗarin, nauyinsa kuma kusan rabi, sai dai baya son a yi masa caji in sanyi ya kai sifiri sai in yana da abin ɗumama kansa. Sabbin motoci kuma altanetonsu mai wayo ne, yana rage wuta dan tsimin mai, dan haka in wanda ya gina motar bai sa cajar da ake kira DC-DC ba zaka yi ta tuƙi batir baya cika kana mamaki. Ka tambaya, in mai sayarwa ya fara kame-kame ka san amsar. Faifan sola mai wat 100 yana taimakawa sosai in akwai rana, amma ka tuna kai inuwa zaka nema ka yi fakin, shi kuma rana yake so.

Hita kuma, in zaka kwana inda ake sanyi, mai amfani da dizal irin na Webasto ko Eberspächer ita ce ta fi, mai kilowat 2 bata shan rubu'in lita a awa, daga tankin mota take ja, hayaƙinta a waje yake fita, kuma busasshen ɗumi take bayarwa wanda yake rage wannan raɓar ta jikin ƙarfe. Wallahi kar ka taɓa kunna murhun gas dan jin ɗumi a rufaffiyar mota, iskar da take fita daga konewar da bata cika ba bata da wari bata da launi kuma tana kashe mutum yana barci, ka sa ƙararrawar da take gano ta ko da motar sabuwa ce fil. Gas ɗin ma iri biyu ne, butane irin na ƙaramar tukunyar Campingaz 907 mai kilo 2.75 da California take amfani da ita yana daina tashi in sanyi ya kai wajen sifiri, propane kuwa har sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri yana aiki.

Maganar masai mutane suna jin nauyin yi, amma ita ce take hana wasu iyalai sake fita karo na biyu. Na tsakiyan nan yawanci ba su da shi, sai dai ka sayi na hannu irin Porta Potti, toh kafin ka sayi mota ka nemo inda zai zauna da rana da inda zai zauna da dare bayan an shimfiɗa gado, in babu wurin ka sani tun yanzu.

Sai kujerun baya in ba kamfani ne ya gina motar ba. Bencin da yake komawa gado dole ya zama wanda aka yi wa gwajin haɗari, an ɗaure shi da ƙashin mota ba da katakon daɓe ba, mai bel na kafaɗa, in da jariri kuma da maƙalar ɗaure kujerar jariri da ake kira ISOFIX. Na taɓa leƙa ƙarƙashin wani benci a wata mota da wani ya gina a gida, kyakkyawa da ita, na ga kusoshi huɗu ne kawai suka riƙe shi a jikin falanki, na fito ban ƙara tambayar komai ba. A kan wannan ba ragi, ko nawa aka sauke maka.

Dizal ko fetur kuma ya danganta da zirga-zirgarka ta kullum. Dizal na zamani yana da matatar hayaƙi da take buƙatar doguwar tafiya lokaci-lokaci dan ta ƙone abin da ta tara, in kullum kilomita biyar kake yi a cunkoso zata toshe. Tsohon dizal kuma birane da yawa a Turai sun fara taka masa birki, a Landan in bai kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba sai ka biya kullum ka shiga, Faransa da Jamus suna da sitikarsu mai nuna matakin hayaƙin mota. Masu lantarki zalla irin Nissan e-NV200 mai batir kWh 40 suna da daɗi wajen shiru, amma da kaya da gudu zangonta gajere ne, sai wanda yawonsa na kusa ne.

In ni ne yau, mu biyu da yara biyu, mota ɗaya tilo a gida wadda zata kai yara makaranta ta kuma kai mu bakin tafki ƙarshen mako, ta tsakiya mai rufin ɗagawa zan ɗauka, kuma tsakanin Beach da Nugget zan tsaya, Beach in kayanmu masu yawa ne kuma ina buƙatar but, Nugget in mun fi yawan fita lokacin da ruwa yake tsare mutane a ciki. In ni kaɗai ne, doguwar Berlingo ko Caddy Maxi da akwati ta ishe ni, ragowar kuɗin na zuba a mai da hanya. Kuma kowacce ce, sai na yi hayar irinta na kwana biyu tukuna da duk mutanen da zamu riƙa tafiya tare da kayanmu na gaske. Ranar duba wadda zan saya kuma da tef da tocila zan je, na shimfiɗa gadon da hannuna na ga minti nawa ya ci da kuma ko sai na buɗe ƙofa, na kwanta na miƙe ƙafa, na ɗaga rufin na haska kusurwoyin yadin da bakin roba ko akwai tabon ruwa, na kunna hita na jira ta yi zafi, na ɗaga tabarmar ƙasa ta wajen tanki na shinshina.